Tarin da ya ƙi jin magani: sharhi kan gwajin jinin funfuna, daga Legas zuwa Yalwa

A ce ga wani manomi a Yalwa, tsakanin Rano da Kibiya. Shekara biyu da suka wuce aka same shi da tarin fuka, wanda muka fi sani da tibi. Ya sha magani wata shida cur, bai tsallake ko rana ɗaya ba, aka rubuta masa a kati cewa ya warke. Bana, bayan an gama ɓarar gyada da sussukar masara, tarin ya dawo. Ya rame, kasala ta yi masa yawa, wata safiya kuma ya ga jini a kakinsa. Ya koma asibiti, aka sa kakin a na'urar GeneXpert, ta ce babu ƙwayar tibi. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga kogo a saman huhu.

To, me za a yi masa? A yawancin ƙananan asibitocinmu amsar a bayyane take: a ce tibi ne ya dawo na'ura ta kasa gani, a sake ɗora shi kan magani na wani wata shidan. Idan ya ƙi sauƙi, a fara zargin tibi mai bijire wa magani. Idan hakan ma ya ci tura, 'yan uwa su ce na asibiti ya gaza, a koma na gida.

Akwai wata amsar da ba kasafai take zuwa ran ma'aikacin lafiya ba: wataƙila funfuna ce ta yi gida a cikin kogon da tibi ya bari. Gwajin da ya fi taimakawa wajen gano hakan kuwa gwajin jini ne, wanda yake neman antibodi. Wannan sharhi a kan wannan gwajin yake, da kuma binciken da ya fi kowane jawo hankali kansa a Najeriya. Ra'ayina a taƙaice shi ne: gwajin yana da amfani ƙwarai, amma ga mutum irin wannan manomin kaɗai. Idan aka fitar da shi daga wannan da'irar, ko dai ya yaudari likita, ko ya zama Widal na biyu.

Yadda funfuna ke shiga huhu

Funfunar da muke magana a kai ita ce Aspergillus, 'yar gidan wadda kake gani kore-kore ko ruwan toka a jikin masarar da ta sha laima a rumbu, ko a harawar da ruwa ya doka. Tana yaɗuwa ta hanyar ƙananan ƙwayayen iri da iska ke ɗauka, waɗanda ido ba ya gani. Kowane ɗayanmu yana shaƙar ɗaruruwansu a kullum. Lafiyayyen huhu yana share su ba tare da mai shi ya sani ba.

Matsalar tana tasowa a wurin mutum iri biyu, kuma bambancin nan shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa.

Na farko shi ne mai garkuwar jiki lafiya lau, amma huhunsa ya samu tabo. Tibi kan cinye wani sashe na huhu ya bar rami. Magani yana kashe ƙwayar tibi, amma ba ya cike ramin. Wuri ne mai ɗumi da laima, wanda iska ke shiga, jini kuma ba ya kaiwa sosai. Funfuna ta samu ɗaki kyauta kenan. A hankali take girma, wata da watanni, wani lokaci ta dunƙule kamar ƙwallo a cikin kogon, tana faɗaɗa shi, tana fasa jijiyoyin jini. Wannan ita ce cutar Aspergillus ta huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaitawa da CPA. Alamominta su ne tari, rama, gajiya, kakin jini. Ka ga kuwa babu abin da ya raba su da na tibi.

Na biyu shi ne wanda garkuwarsa ta rushe: mai shan maganin kansar jini, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai shan sitiroyid da yawa na tsawon lokaci, ko mai ƙanjamau da ya yi nisa. A jikin wannan, funfuna ba zama take yi a kogo ba. Kutsawa take yi cikin naman huhu da jijiyoyin jini, ta kai har ƙwaƙwalwa, cikin kwanaki ko makonni kaɗan. Wannan ita ce cuta mai kutsawa.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1968 ƙungiyar likitocin tibi ta Birtaniya ta duba mutum 544 da suka warke amma kogo ya rage musu a huhu, ta samu kusan kashi 25 cikin 100 suna da antibodin Aspergillus a jini, kashi 11 kuma da dunƙulen funfuna a hoto. A 2011 David Denning da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.2 a duniya suna fama da CPA bayan tibi. Najeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tibi, kusan rabin miliyan a shekara, Kano kuma tana sahun gaba a jihohi.

Me gwajin yake nema?

Mu ɗauki misalin unguwa da ɓarawo. Hanya biyu ce za ka san ɓarawo ya shigo. Ko dai ka tsinci wani abu nasa, takalminsa ko hularsa, ko kuma ka tarar 'yan sintiri sun fito da gora da fitila suna zagaye. Gwajin antijin shi ne tsintar takalmin: yana neman ɓurɓushin jikin ƙwayar cutar kanta. Gwajin antibodi shi ne ganin 'yan sintiri: yana auna martanin da jiki ya mayar, wato sunadaran da garkuwa ta ƙera musamman don wannan baƙon. Wanda ake aunawa a nan shi ne nau'in IgG.

Daga misalin nan za ka hango raunin gwajin guda biyu. 'Yan sintiri suna iya ci gaba da zagaye bayan ɓarawo ya daɗe da tafiya, ko su fito saboda baƙon da ya wuce kawai bai taɓa komai ba. Sannan unguwar da ba ta da 'yan sintiri sam, shirun da ka ji ba ya nufin babu ɓarawo. Ka riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

A wurin mai CPA, garkuwa tana nan da ƙarfinta, ta kuma yi watanni tana fafatawa da funfunar, don haka antibodi yana hawa sosai. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Turai suka fitar a 2016 ta ce yana hawa a sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Shuka kaki a ɗakin gwaji don a ga ko funfuna za ta tsiro kuwa yakan kuskure da yawa daga cikinsu, kuma ko ta tsiro ɗin, tana iya zama daga iskar ɗakin ta faɗo. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gwajin antibodin Aspergillus cikin jerin muhimman gwaje-gwajen da take ba ƙasashe shawarar su tanada.

Abin da binciken Legas da Ilorin ya yi daidai

A 2017 Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa sakamakon binciken da suka yi tsakanin Yunin 2014 da Mayun 2015. Sun ɗauki manya 208 da ke ƙarshen shan maganin tibi a asibitocin Legas da Ilorin, suka duba su, suka ɗauki hoton ƙirji, suka auna IgG na Aspergillus fumigatus a jininsu. Mutum 18 suka cika sharuɗɗan CPA, wato kashi 8.7 cikin 100. Kusan ɗaya cikin kowane goma sha biyu kenan.

Dole a yaba musu. Sun yi tambayar da tsarin yaƙi da tibi ba ya yi, wato idan ba tibi ba ne, mene ne? Sun kuma nuna cewa yawancin waɗannan mutane sun dace daidai da siffar da ake kira tibin da ba a ga ƙwayarsa a kaki ba. Ma'ana, ma'aikacin lafiyar da ya ɗora su kan maganin tibi bai karya doka ba, littafinsa ya bi. Littafin ne bai tanadi wata ƙofa ba. Bayan shekara biyu, a 2019, wani bincike daga Gulu ta arewacin Uganda ya ƙarfafa maganar: cikin waɗanda suka gama maganin tibi, masu kogo a huhu suna kamuwa da CPA da kimanin kashi 6.5 cikin 100 a kowace shekara, marasa kogo kuwa kashi 0.2 kacal.

Wannan alƙalamin na Gulu, a ganina, ya fi kowane amfani ga ma'aikacin lafiya a karkara, domin ya nuna masa wa zai sa wa ido.

Inda nake da ja

Duk da haka, ana yawan ɗaukar kashi 8.7 ɗin nan a yi ta yawo da shi kamar alƙalamin Najeriya baki ɗaya. A nan ne nake cewa a dakata.

Na farko, su wa aka gwada? Cikin mutum 208, 153 masu ɗauke da ƙwayar HIV ne, kusan kashi uku cikin huɗu. A Jihar Kano kuwa, ƙidayar ƙasa ta 2018 ta nuna masu ɗauke da ita ba su kai kashi 1 cikin 100 na manya ba. Mafi yawan masu tibi a Rano da Kibiya ba sa ɗauke da ita. Rukunin da ya yi kama da mutanenmu a binciken mutum 55 ne kawai, kuma a cikinsu 8 aka samu da CPA, kashi 14.5, yayin da a ɗaya rukunin aka samu 10 cikin 153, kashi 6.5. Kada mu yi saurin cewa namu ya ninka. Mutum 55 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, masu binciken da kansu sun nuna bambancin bai kai ƙarfin da lissafi zai tabbatar ba. Amma akwai abin lura: mai HIV da garkuwarsa ta yi ƙasa ba lallai ya iya ƙera antibodi da yawa ba. Yana yiwuwa ƙarancin da aka gani a cikinsu na gwajin ne, ba na cutar ba. Ga unguwar da ba 'yan sintiri nan ta dawo.

Na biyu, wace funfunar? Gwajin an gina shi ne a kan Aspergillus fumigatus, wadda ita ce ta fi addabar Turai. A ƙasashe masu zafi da bushewa kuwa, 'yar uwarta Aspergillus flavus tana da babban matsayi. Ita ce dai mai fitar da gubar aflatoksin a gyada da masara, wadda ta sa ake dawo mana da kayan gona daga kasuwannin waje. A Sudan, tun 1969 likitoci suka bayyana ciwon kogon hanci da take haddasawa, a Indiya da Pakistan ma an san ta a asibiti. Antibodin da jiki ya ƙera wa ɗaya yakan gane ɗayar, amma ba duka ba. Yanayin Yalwa ya fi kusa da na Sudan fiye da na Legas mai laima. Tsinken da aka horar a kan fumigatus sai an gwada shi a nan kafin a ce yana kama flavus yadda ya kamata.

Na uku, ina iyakar? Gwajin antibodi ba fitila ba ce mai kunnawa da kashewa. Lamba yake bayarwa, wani ne zai ja layi ya ce daga nan zuwa sama cuta ce. A na'urar ImmunoCAP, Ingila ta daɗe tana amfani da 40, masu bincike a Chandigarh ta Indiya kuma suka ga 27 ta fi dacewa da mutanensu. To yanzu ka tuna rayuwar mutumin Yalwa. Yana shiga rumbu, yana casa, matarsa tana shiƙa ƙura na tashi a fuskarta, yaransa suna zuba wa awaki harawa, hunturu kuma ya zo ya ƙara nasa. Mutumin da yake shaƙar funfuna haka tun yana yaro yana iya samun antibodi mai yawa alhali huhunsa garau yake. Layin da aka ja a Manchester ba dole ya raba mai lafiya da marar lafiya a Kibiya ba. Gyaran wannan ba ya buƙatar wani abin al'ajabi: a auna jinin lafiyayyun manoma na nan, a san inda nasu yake tsayawa.

Na huɗu, hoton ƙirji na yau da kullum aka yi amfani da shi. An fahimci dalili, shi ake da shi. Amma yana ɓoye ƙananan koguna da dunƙulen da hoton CT zai fito da su. Don haka lambar tana iya karkata ta kowane ɓangare.

Duk wannan ba rushe binciken ba ne. Ya buɗe ƙofa, kuskuren namu ne idan muka ɗauka ya gama aikin.

Kuskuren da ya fi haɗari

Akwai maganar da nake yawan ji, har a bakin ɗalibai masu nazarin ƙananan halittu, cewa ai gwajin antibodi shi ne hanyar gano cututtukan funfuna masu kutsawa. Wannan jimlar ta haɗa abu biyu da bai kamata a haɗa ba.

Wanda funfuna ta kutsa jikinsa, ta kutsa ne domin garkuwarsa ta faɗi. Ta yaya za ka nemi shaidar cutar daga wurin garkuwar da rashinta ne ya kawo cutar? Ƙari a kan haka, jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin IgG ya hau, cutar kuma ba ta jira. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, yana kuma kula da masu kansar jini. Idan irin wannan majinyaci ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin bakteriya, aka yi masa gwajin antibodi ya nuna babu, likita ya saki jiki, to an yi babban kuskure. Abin da ake nema a wurinsa takalmin ɓarawon ne: galaktomanan, wani sukari daga bangon jikin Aspergillus, a jini ko a ruwan wankin huhu, tare da hoton CT.

Haka abin yake ga sauran. Cryptococcus, mai haddasa sanƙarau ga masu ƙanjamau da ya yi nisa, da tsinken antijin ake kama ta, kuma yana daga cikin gwaje-gwaje mafi inganci da ake da su a fannin nan gaba ɗaya. Histoplasma da ta bazu a jikin mai HIV, antijin ake nema a fitsari. Candida kuwa tana zaune a hanjin mutane da yawa da bakinsu, don haka samun antibodinta a jini ba labari ba ne. Wanda ake zargin ta shiga jininsa, shuka jinin ake yi. Baƙar funfunar da ta kama dubun-dubatar masu korona da ciwon suga a Indiya a 2021, sai an ɗebi tsoka an duba a madubin likita.

Kalmar funfuna ɗaya ce a bakinmu, amma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa guda 19 da ta ce su ne abin damuwa, kuma kowace da ƙofar da ake bi a kama ta.

Darasin Widal

Babu wanda ya girma a arewa bai san Widal ba. Gwajin antibodi ne shi ma, tun 1896 aka ƙirƙiro shi don taifod. A wurin da mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar cutar da danginta, jinin lafiyayye ma yana amsawa. Sakamakon kowa ya gani: duk wanda ya je da zazzaɓi sai ya dawo da takardar maleriya da taifod, da ledar maganin da bai buƙata. A ɓangaren tibi kuwa, gwaje-gwajen antibodi sun yi ɓarna har ta kai a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce a daina amfani da su, Indiya kuma ta haramta su a 2012.

Wannan tarihin ya bar mana matsala biyu masu kishiyantar juna. Ma'aikacin tibi da aka koya wa cewa gwajin jini ƙarya ne yana iya guje wa na Aspergillus ma, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗan kasuwar gwaji kuma yana iya rungumarsa ya riƙa yi wa duk mai tari.

Tsoro na biyun ba hasashe ba ne, domin gwajin ya riga ya sauko daga babbar na'ura. Kamfanin LDBio na Faransa yana yin tsinke mai kama da na gwajin maleriya, wanda ake karantawa cikin rabin sa'a. A Manchester ya kama sama da kashi 90 na masu cutar, ya kuma wanke kusan kashi 98 na marasa ita. Amma da aka kai shi Indonesiya aka gwada a kan waɗanda suka yi tibi, sai lambobin suka sauka zuwa 80 da 70. Tsinke ɗaya, jama'a daban, sakamako daban.

Bari mu yi lissafin misali. A ce tsinken yana kama 90 cikin 100 na masu cutar, yana kuma yi wa 5 cikin 100 na marasa ita ƙazafi. Ka gwada mutum 1,000 da suka gama maganin tibi suna ci gaba da tari, a ce 100 a cikinsu na da CPA. Zai kama 90 na gaskiya, ya haɗa da 45 na ƙarya. Biyu cikin uku daidai ne, hoton ƙirji kuma zai tace sauran. Yanzu ka kai tsinken nan kemis, a gwada mutum 1,000 masu tarin hunturu, a ce 5 kaɗai ke da cutar. Zai kama 4 ko 5, ya ɗora wa kusan 50 cutar da ba su da ita. Cikin kowane goma sha ɗaya da aka ce suna da ita, goma lafiyarsu ƙalau. Ingancin tsinken bai canza ba, wanda aka gwada ne ya canza.

Bayan sakamako fa?

Wani zai ce, to mene ne a ciki idan an ba mutum maganin funfuna bai buƙata? Akwai abubuwa a ciki.

Maganin CPA na farko shi ne itraconazole, kuma ba na mako ɗaya ba ne. Aƙalla wata shida ake sha, wani gwaji da aka yi a Indiya aka wallafa a 2022 ma ya nuna wata goma sha biyu ya fi hana ta dawowa. Yana iya taɓa hanta, yana kumbura ƙafa, yana da haɗari ga mai raunin zuciya, ba a ba mai ciki. Maganin tibi kyauta gwamnati ke bayarwa, wannan kuwa majinyaci ne zai sa hannu a aljihu wata bayan wata. Fluconazole, wanda shi ne ya cika kemis-kemis ɗinmu, ba ya yi wa Aspergillus komai.

Mafi muhimmanci, rifampicin, ginshiƙin maganin tibi, yana sa hanta ta narkar da itraconazole da sauri har ya zama kamar ba a sha ba. Don haka dabarar a haɗa masa duka biyun, wanda ya dace ya yi aiki, ba ta ci a nan. Dole likita ya yanke hukunci, hukuncin kuma yana buƙatar shaida. Abin ya ƙara rikicewa domin mutum na iya samun tibi da funfuna a lokaci ɗaya, GeneXpert kuma kan ga gawar ƙwayar tibi a kakin wanda ya warke ya ce akwai.

Barin cutar ma ba zaɓi ba ne. A cibiyar kula da ita ta Manchester, inda magani da kayan aiki suka wadata, cikin majinyata 387 da aka bi diddiginsu, kashi 62 ne suka kai shekara biyar, kashi 47 suka kai goma. Sai ka auna da wanda ba a ma san sunan ciwonsa ba.

Abin da nake ganin ya dace

Wurin wannan gwajin shi ne ɗakin tibi na babban asibiti irin na Rano, kusa da na'urar GeneXpert da ɗakin hoto, ba teburin kemis ba. A yi shi ga wanda ya cika sharuɗɗa huɗu: ya taɓa yin tibi ko yana shan magani ba sauƙi, alamominsa sun kai wata uku, hoton ƙirji ya nuna kogo, gwajin kaki kuma bai ga tibi ba. Idan ya nuna akwai, a tura shi Kano, Asibitin Malam ko Asibitin Zana, a tabbatar kafin a fara magani. Idan ya nuna babu amma hoton yana ta da hankali, kada a rufe fayil, musamman ga mai HIV.

A ranar da aka sallami mai tibi, a ɗauki hoton ƙirjinsa. Mai kogo a gaya masa a fili cewa ƙwayar ta mutu amma ta bar rami, ya dawo idan tari ko jini ya sake bayyana, ya kuma rage shiga rumbu mai laima, ya rufe hanci lokacin casa da shiƙa.

Mu kuma masu bincike a Bayero da sauran jami'o'in arewa, aikin da ke gabanmu a bayyane yake, kuma ba ya buƙatar kuɗin da ya fi ƙarfinmu: jinin lafiyayyun manoma ɗari biyu ko uku daga Rano da Kibiya, jinin waɗanda suka gama maganin tibi a yankin, a gwada su da fumigatus da flavus duka, a kuma duba ko tsinken yana jure zafin Afrilu a ɗakin da ba firji. Sai mun yi wannan ne za mu iya gaya wa likita cewa layin da ya gani a tsinken yana nufin abin da yake zato.

Kai kuma mai karatu, idan kana da ɗan uwa da ya gama maganin tibi amma tari ya ƙi barinsa, gwajin kaki kuma yana ta cewa babu, kada ka saya masa magani a kemis, kada kuma ka yarda a sake ɗora shi kan zagaye na biyu ba tare da tambaya ba. Ka raka shi asibiti da tsohon katinsa da hotunansa, ka tambayi likita cikin ladabi: ranka ya daɗe, an duba ko funfuna ce?